Mushe Abdu, Wanda Ya Koma Buza da Karatunsa

Ranar Laraba da hantsi ina kan tsani, rabin jikina cikin rumbun wani manomi a Galma, ina duba abin da ya rage masa na hatsi, sai na ji tsayuwar motar buronmu, wato ofishinmu. Mun yi da Hamidu, mai jan motar, cewa sai la'asar zai zo ɗaukata. Na sauko da sauri. Bai gaishe ni ba, bai gai da mai gida ba. Ya tsaya yana murza makullin mota a hannu, sannan ya ce, "Bitrus, sai haƙuri. Mushe Abdu ya cika ɗazun ga." Mai rumbun ya yi salati. Ni kuwa na zauna a gindin tsanin nan, har Hamidu ya kama hannuna ya tashe ni.

Shekara shida na yi ina aiki ƙarƙashin Mushe Abdu Salihu (Mushe shi ne laƙabin da ake kiran ma'aikaci ɗan boko a wurinmu). Ni ma'aikacin noma ne, Kirista, ɗan wani mai jinya a asibitin mishan. Shi kuwa shi ne aka ɗora wa aikin sa ido a kan yunwa, da ambaliya, da fara, da annoba a ƙasar Buza, har aikin yakan kai shi Madawa da Keita. Ina rubuta wannan ne domin ƴaƴansa, waɗanda ba su kai ga saninsa sosai ba, da kuma waɗanda suka san shi daga nesa kawai.

Ɗan Tabotaki ne, ɗan manoma. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Buza da Tawa da Yamai, daga nan gwamnati ta tura shi ƙetare tare da wasu mutum uku, suka karanto ilimin tsare bala'i da kai agajin gaggawa. A lokacin ba kowa ya san akwai irin wannan karatu ba. Yakan ba mu labarin ranar da ya dawo, mahaifiyarsa ta tambaye shi, "Abdu, wai mi ka karanto? Likita ko alƙali?" Ya ce, "Inna, na karanto yadda ake ganin masifa tun tana nesa, da abin da ake yi in ta iso." Ta ce, "To, wanga kakanka ya iya shi, bai kuwa hau jirgi ba." Duk sanda ya faɗi labarin sai ya yi dariya, ya ce tsohuwa ta fi malamansa gaskiya.

Su huɗun nan kowa ya kama hanyarsa. Ɗaya ya shiga wata babbar ƙungiyar agaji a Turai. Ɗaya ya zauna a ma'aikatar minista a Yamai. Na uku ya tafi arewa, wurin masu haƙar ma'adinai, ya zama shugaban masu kula da haɗarin aiki. Shi ma Mushe Abdu an ba shi buro a Yamai. Shekara guda ya yi a ciki, ya rubuta takarda yana roƙon a mai da shi Buza. Ban taɓa jin ya aibata abokan nan nasa ba. Yakan ce, "Muna bukatar su can. Ni in na yi kuka nan, su ka buɗe ƙofar magaza." Magaza shi ne ɗakin da ake ajiye cimakar agaji.

Ranar da na fara fita da shi na ɗauka za mu zauna da hakimai ne mu cika takardu. Sai ya sa aka tsai da mota a bakin rijiya. Ya gai da matan da ke ɗibar ruwa, ya tambaye su sau nawa ake ɗora tukunya a yini, ko an fara tsinkar anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa, ko maza sun tafi bida, wato ci-rani, tun kafin a gama ɗaure damman hatsi. Da muka koma mota ya ce mini, "Yunwa ba ta faɗowa daga bisa, Bitrus, da ƙafa take tahowa. Ka tambayi mata, su ka riƙe da ludayi. In ka jira sai ka ga suna tonon gidan tururuwa neman hatsi, ka makara." Wannan shi ne darasina na farko, kuma ban sami wanda ya fi shi ba.

Ba waliyyi ba ne. Yana da saurin fushi, kuma in ya tabbatar da abu ba ya jiran mutum ya gane a hankali. Amma a shekara shida bai taɓa sa ni aiki ranar Lahadi ba sai in rai ne ke cikin haɗari, kuma ko sau ɗaya bai nuna mini alfarma ce yake yi mini ba. Ni ma nakan ajiye masa ruwan alwala a jarka, domin yakan rabar da nasa a hanya.

Akwai wani ƙauye kusa da Tabotaki, a bakin wata ƙorama, inda mutane ke noman albasa a fadama. Mushe Abdu ya lura ruwa yana cin gaɓa shekara da shekara, ya matsa wa mutanen su tashi su koma tudu. Ya yi ta kai da komo har maigarinsu, wani dattijo mai suna Alu, ya yarda ba da son ransa ba. Suka tashi. A shekarar damina ta yi rauni, ƙoramar ko cika ba ta yi ba. Tudun kuwa yana nesa da rijiya. Aka sa masa suna Mushe Ambaliya, rabin gidajen suka koma inda suka taso. Ina nan a zauren lokacin da Maigari Alu ya ce masa, "Mushe, ka tashe mu daga gidajen ubanninmu, ka aza mu bisa dutse, matanmu na hawa da tulu. Ina ruwan naka?" Na ga fushi ya taso masa, ya haɗiye shi. Ya ce, "Baba, na yi kuskuren shekara, ban yi kuskuren wuri ba. Wahalar mata kuwa laifina ce, ka gafarce ni."

Da damina ta zagayo, wata rana bayan azahar muna Tabotaki, rana tana haskawa a kanmu, sai ya tsaya yana kallon arewa, inda hadari ya yi baƙi ƙirin a kan duwatsu. Ya ce, "Hamidu, juya mota." Muka shiga ƙauyen Maigari Alu gida gida. Wasu suka yi mana dariya, domin ko ɗigo bai sauka a kansu ba. Ya je ya durƙusa gaban Maigari Alu, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya ce, "Baba, in na sake kuskure yau, ba ni ƙara taka garin ga. Amma ka sa su hau." Dattijon ya daɗe yana dubansa, sannan ya sa aka yi shela.

Kafin rana ta faɗi ruwan ya iso. Mun fara jin ƙararsa kamar ta manyan motoci, sannan muka gan shi, ja, yana tafe da itatuwa. Muna tsaye a tudu gidaje suka riƙa narkewa. Kowa ya tsira sai mutum ɗaya, Idi, wanda ya koma ya kwance san nomansa. Da safe aka tsinci gawarsa can ƙasa, Mushe Abdu yana cikin waɗanda suka ɗauko ta. Mutane suka yi ta sa masa albarka, bai karɓa ba. A hanyar komawa ya ce mini, "Da na iya magana bara yadda ta kamata, da na fara nema musu rijiya kafin in tashe su, da Idi bai koma gidan can ba." Bai huta ba sai da aka gina rijiya a tudun. Tun daga lokacin kuma ya rage ɗaga murya, ya ƙara zama a tabarma yana saurare.

Bayan wannan ne abokinsa na Turai ya zo da kansa har Buza, cikin farar mota, da takardar aiki a hannu. Gida, da lakwal mai kyau ga yara, da likita a kusa. Kwana biyu ya yi yana lallashinsa. Mushe Abdu ya raka shi har bakin gari, ya ce, "In duk wanda ya iya aikin ga ya tahi inda ake rubuta labarin yunwa, wa za shi zauna inda ake yin ta?" Matarsa Hadiza ta yi kuka, ta yi kwanaki ba ta yi masa magana. Shi ma abin bai zo masa da sauƙi ba. Ya taɓa ce mini, yana kallon ƴarsa Rabi tana wasa a tsakar gida, "Ban sani ba ko na zalunci yarinyar ga."

Da bazarar bana sanƙarau ya shigo. Shi ya fara kai rahoto, shi ya tsara yadda masu allura za su bi ƙauyuka, ya kuma riƙa ɗaukar marasa lafiya a motarmu zuwa asibiti, yana riƙe da kawunansu a cinyarsa saboda gargadar hanya. Da ciwon kai ya kama shi ya ce zafin rana ne. Kwana biyu bayan haka wuyansa ya sanƙare. Masu jinya a asibitin mishan sun yi duk abin da suka iya. Na je wurinsa ranar Litinin, ya gane ni, ya tambaye ni ko na gama duba rumbunan Galma. Na ce na bari sai ya ji sauƙi. Ya ce, "Ciwona ba shi cika rumbu. Tashi ka tahi." Na tafi domin ya ce in tafi. Har yau ban san ko na yi daidai ba.

An binne shi a Tabotaki bayan la'asar. Na tsaya a gefe tare da masu jinyar da suka rako gawar, har aka idar da salla, sannan muka bi su zuwa maƙabarta.

Ranar sadakar bakwai Hadiza ta aika aka kira ni cikin gida. Ta miƙo mini wata ambulan da ta samu a akwatinsa. Takardun neman gurbin karatu ne, irin wanda ya yi, an cika su da sunana, ya sa hannu, saura nawa. Bai taɓa gaya mini ba. Ta ce, "Ya so ya ba ka bayan damina. Ka tahi, Bitrus, ba ni hana ka. Amma in ka komo ka riƙa kwana gidanka. Aikin ga ya ɗauke mini miji tun yana da rai." Na karɓa da hannu biyu, na fita.

Allah ya jiƙan Mushe Abdu Salihu, ya gafarta masa abin da ya yi kuskure a kai, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi wahalar da ya sha saboda bayinsa. Allah ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, wadda ta binne ɗan da ta sa ran shi zai binne ta. Allah ya ba Hadiza haƙuri, ya zama gatanta. Rabi da ƙanenta Salihu kuwa, Allah ya raya su, ya haɗa su da masu riƙe su da amana, ya sa in sun girma su yafe wa ubansu kwanakin da bai yi da su ba. Amin.