Aji Ɗaya da Surukina

A wasu shekarun baya na taɓa komawa makaranta da gemuna, kuma har yau in na tuna sai abin ya sosa mini rai. Na daɗe ina jira abin ya huce kafin in ba ku labarin. Tunda na ga ba shi da niyyar hucewa gaba ɗaya, bari in ba ku shi a haka.

A lokacin ina zaune a Agege, ban daɗe da aure ba, ina aikin akawu a wani kamfanin dakon kaya. Ni ba haihuwar Legas ba ne, bautar ƙasa ce ta kawo ni na maƙale. Surukina, wato mahaifin matata, babban dillalin goro ne da duk unguwa ta san shi. Wata rana matata ta dawo daga gidansu tana murmushi, ta ce Baba zai buɗe sabon sito na atamfa da yadi a kasuwar Idumota, yana neman mai ilimin zamani da zai riƙe masa.

"Kuma ya ambace ka," in ji ta. "Ya tambaye ni ko ka karanci kasuwanci."

Ban karanta ba, amma daga ranar na ɗora raina a kan siton nan. Na gaji da ƙirga buhunan wasu. Sai na nemi wata makarantar koyon kasuwanci da ke karatun Asabar, na ce in na kawo sakamako mai kyau ai magana ta ƙare. Na ja wani abokina muka nema tare, don kada hanya ta yi mini tsawo ni kaɗai. Shi haihuwar Agege ne, yana sayar da kayan waya. Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, kuma irin mutanen nan ne da in suka shiga danfo, wato motar hayar Legas, kafin a sauka sun san sunan matar direba.

Ƙofa biyu makarantar take ɗaukar ɗalibai. Ta farko ta masu digiri ce, ka zauna jarrabawa, sannan a yi maka tambayoyi baki da baki. Ta biyu ta manyan 'yan kasuwa ce waɗanda suka daɗe a harka, su ba ruwansu da jarrabawa, hira kawai za a yi da su a kan sana'arsu. Ni da abokina ta farko muka bi, muka sha wuya, aka ɗauke mu. Da nake ba matata labari sai na ƙara da barkwanci, na ce ai wannan makaranta ko Baba ya nema sai su ɗauke shi da gudu. Ta yi dariya, ni ma na yi. Baki shi ke yanka wuya.

Ranar farko na shiga aji da sabon littafina, sai na hango babbar riga a layin gaba, da wata hula da na sani kamar yunwar cikina. Surukina ne, ashe barkwancin nan nawa ya kai kunnensa ya bi ta ƙofa ta biyu. Ya sa tabarau, ya jera biro uku a gabansa. Na je na durƙusa na gaishe shi a gaban mutane, wasu har suna leƙe su ga abin da na yar a ƙasa. Ya amsa a taƙaice yana kallon allo. Na wuce can kujerar ƙarshe na lafe.

Sai malamarmu ta shigo, wata Bayarabiya mai furfura wadda ba ta da wasa. Ta yi mana bayanin yadda ake ba da maki. Rabi na jarrabawar rubutu ne, rabi kuma na magana a aji. Duk mako za a ba mu labarin wani ɗan kasuwa da ya shiga matsala, mu karanto a gida, mu zo mu yi gardama a kan mafita. Wanda ya ɗaga hannu ya kawo hujja ya samu, wanda ya yi shiru ya tashi a tutar babu. Ta ƙara da cewa ba kowa ake ba babban sakamako ba, jera mu za a yi, na sama kaɗan su kwashe. Ta ce wanda ba zai iya kare ra'ayinsa a gaban mutane ba, ba zai iya kare dukiyar wani ba.

To ku kun san yadda muke. Mutumin da ko ruwa ba na iya sha a gabansa, wanda in na hango shi a layi nake canza hanya, shi ne za a ce in ɗaga murya ina gardama yana zaune? Na yi ta juya abin a raina har aka tashi.

Karatu dai na yi shi. Duk mako sai na tsefe labarin nan tsaf, in gano inda matsalar take. Da safe a cikin danfo abokina zai gyara zama ya ce, "Oga, abeg, don Allah me labarin nan yake cewa? Jiya kasuwa ta riƙe ni." Ni kuma da daɗin baki sai in zazzage masa komai. Muna shiga aji hannunsa ne farko a sama. Zai miƙe ya faɗi abin da na faɗa masa, ya sa masa gishiri da barkono, har aji ya yi dariya. Malama ta gyaɗa kai ta yi masa alama a takardarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba zan ɓoye muku ba, ƙyashi na ji, mai zafi kuwa. Na san ba sata ya yi ba, ni na ba shi da hannuna. Ranar da ya ce wa malama, "Wannan abokina ne ya nuna mini," ta waiwayo ta ce to abokin naka ba shi da baki ne? Aji ya fashe da dariya. Ko wannan adalcin nasa haushi ya ba ni, don ya hana ni samun laifin da zan riƙe shi da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne komawa gida. Surukina da motarsa yake zuwa. Ranar farko ya aiko direba ya ce mu zo mu tafi tare, na ce a yi masa godiya, ina da wani uzuri a hanya. Wane ni in zauna kafaɗa da kafaɗa da shi a cunkoson Legas? Abokina kuwa ko tayin bai bari an gama ba ya shige. Haka aka ci gaba duk Asabar. Ina tsaye a tasha rana na dukana, sai in ga motar ta wuce, gilashi a rufe, abokina yana ta zuba yana wasa da hannu, Alhaji surukina yana dariya har da dafa hula. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ta gilashin motar nan.

Na gwada neman mafita. Na sami malama a ofis na yi mata bayani. Ta saurare ni da kyau, ta ce su ma a wajensu kwanciya ake yi a gaida suruki, don haka ta gane. "Amma a ajina babu suruki," in ji ta. "Akwai ɗalibi mai magana da ɗalibi mai shiru." Na fito na ɗaura aniya. Asabar ta gaba na ɗaga hannu da ƙarfin hali. Daidai lokacin surukina ya yi gyaran murya ya ɗan juyo. Malama ta nuna ni, ni kuma na ji bakina yana neman izinin zuwa bayan gida.

Shi ma surukina fa ba ya magana a aji. Na ɗauka girma ne, irin na manya da ba sa sa baki a hayaniyar yara. Ban kawo komai a raina ba.

Ana saura 'yan makonni a gama aka ba mu labarin wani ɗan kasuwa da atamfa ta yi masa kwantai, ga sito cike, ga sababbin zane sun fito. Tambayar ita ce ya karya farashi ya rabu da ita, ko ya riƙe. Na yi murna da labarin, don kamar da siton Idumota aka rubuta shi. A danfo na ce wa abokina atamfa yayi take bi, in yayinta ya wuce kullum ƙasa take yi, gara a ɗauki ƙaramar asara yau a sami wurin sabon kaya.

Ranar malama ta gaji da masu shiru. Ta tsaya a gaban surukina ta ce yau sai ta ji ra'ayinsa. Ya faɗi 'yan kalmomi a hankali, ya ce a riƙe kaya, mai haƙuri shi ke cin riba. Na gane daga ina ya ɗauko. Goro in ka iya adana shi a ganye, watanni kaɗan sai ya ninka kuɗinsa. Da idon goro ya kalli atamfa.

Malama ta ɗago ta hango ni a lunguna. Ta kira sunana ta ce, "Kai fa, ka yarda da shi?"

Amsar tana bakina, a shirye, da hujjojinta. Na san maki ne a gabana, na san sito ne a gabana. Na kalli ƙeyar surukina. Sai na ji na ce, "Abin da ya faɗa gaskiya ne."

Abokina ya ɗaga hannu. Ya miƙe ya ɗan rusuna ya ce, "Baba Alhaji, a gafarce ni, amma atamfa ba goro ba ce." Daga nan ya jero duk abin da na faɗa masa da safe, ɗaya bayan ɗaya. Na jira in ga ran Alhaji ya ɓaci. Sai na ga ya cire tabarau ya juyo gaba ɗaya yana kallon abokina, yana gyaɗa kai. Ranar ko danfo ban iya shiga da wuri ba, na daɗe zaune a tasha.

Da sakamako ya fito, a rubutu ba wanda ya kamo ni. A magana kuwa abin da na samu bai taka kara ya karya ba, aka haɗa aka jefa ni tsakiyar jeri. Abokina yana cikin na sama. Surukina yana can ƙasa, da kyar ya tsallake. Ba a yi wata guda ba na ji labari a masallaci cewa Alhaji ya damƙa wa abokina makullin siton Idumota. Na je na yi masa murna, na rungume shi, na ce Allah ya sanya alheri. Bakina ya faɗa, zuciyata sai daga baya ta biyo, ita ma da ɗingishi.

Na yi kwanaki ba na cin abinci sosai. Matata ta lura, ta je gidansu ta dawo, ta zauna kusa da ni tana danne dariya.

"Baba ya ce a gaya maka kai ka kayar da shi."

"Ni kuma? Ni da ko tari ban yi ba?"

"Ya ce sau da yawa yana da abin faɗa, sai ya tuna mijin 'yarsa na zaune a bayansa. Turancinsa na kasuwa ne, yana kunyar ya kwaɓa a gabanka. Shi ya sa ya yi gum."

Ashe wata da watanni ni ina kunyarsa, shi yana kunyata, muka haɗu muka zubar da rabin makinmu a tsakiya, abokina ya bi ya tsince.

Na tambaye ta batun sito. Dariyar ta ɗauke. Ta ce Baba ya san daga inda amsoshin suke fitowa, don abokina ya faɗa masa a mota tun da wuri. "Amma ya ce mai riƙe masa dukiya dole ya iya kallon idonsa ya ce Alhaji ka yi kuskure. Kai ba za ka iya ba. Shi ma in ka yi ba daidai ba, ba zai iya buɗe baki ya yi maka faɗa ba. Ya ce gara ya rasa manaja da ya rasa suruki."

Da a ce zalunci aka yi mini, da na sami abin ƙorafi na huta. Abin da ya fi ciwo shi ne maganar gaskiya ce, kuma malamar nan ta faɗe ta tun ranar farko. Na daɗe ina zagin tsarin makin nan, ina cewa an yi shi ne don masu surutu. Yanzu na san abin da yake aunawa, sai dai bai san da suruki a duniya ba. Kunyar kuma ban yi nadamarta ba, ita aka raine ni da ita, ko yau aka mayar da ni ajin nan abin da zan faɗa ke nan. Amma na biya kuɗinta da tsada.

Yanzu ina wani aikin, Alhamdulillahi, ba na rashin komai. Siton ya bunƙasa, abokina ya yi tumbi ya sayi mota. Zumuncinmu yana nan, 'ya'yanmu tare suke zuwa Islamiyya. Sun ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni dai na zuba masa taki iya gwargwado. In hanya ta bi da ni Idumota, har yau ta ɗaya layin nake zagawa.

Kuma har yau, duk ranar da zai je wajen Alhaji da wata shawara, da safe wayata za ta yi ƙara. "Oga, abeg, ya kake ganin abin nan?" Sai tsohon ƙyashin nan ya taso mini, in ce a raina yau kam ba zan faɗa ba. Sai in tuna dukiyar kakan 'ya'yana ce. In gyara zama in zazzage masa komai.