Damin da Inna Kadidiya Ta Ƙi Dakawa

Kafin ladanin unguwarsu ya yi kira na biyu, Inna Kadidiya ta riga ta wanke hatsinta. Hantsi na yi, za ka same ta gindin dogon yaro kusa da tasha a nan Tawa, ƙwarya a gaba, ludayi a hannu, tana dama wa direbobi da 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, fura. Shekara talatin ke nan. Masu sha ne suka yi mata kirari: Kadidiya, damunki ba gudaji. Bana ta ce kafaɗa ta gaza, ta ajiye taɓarya, kuma ina da maganar da ya kamata in faɗa tun tuni.

Bayan girbi, ƙungiyoyin manomanmu kan yi bikin kaka na kwana biyu. Matan Takanamat su zo da cuku, na Afala da wake da ƙuli-ƙuli, mahauta su shanya kilishi, masu garka su zube albasa. Amma abin da ke tara jama'a shi ne gasar dami. Kowane manomi ya tsince zangarniyun da suka fi kyau a gonarsa, ya ɗaure, ya kawo. Damin da ya ci, a kai shi turmi, a yi wa manyan baƙi fura da shi. Wannan ce ɗaukakar: a ce hatsin wane aka sha. Inna Kadidiya ce mai dakan. Ni kuwa Markus, malamin makaranta da aiki ya kawo daga kudu, an sa ni magatakardan kwamiti don kawai rubutuna na karantuwa.

Shekara takwas da suka wuce ruwa ya ɗauke da wuri a arewacin Adar. Gonaki suka ƙone da bununi a kai. A Tebaram, gonar wani manomi mai suna Arzika ce kaɗai ta nuna, don irin da ya gada wurin mahaifinsa mai saurin nuna ne. Da murna ya tsince zangarniyun da suka fi kowanne cika, waɗanda da su ne irinsa na baɗi, ya kawo gasa. Ya ci, mana. Aka yi guɗa, aka miƙa wa Inna Kadidiya damin.

Baƙi suka sha fura, suka yaba. Da la'asar Arzika ya leƙa wurin daka ya yi wa mata sannu, sai ga daminsa a naɗe cikin tabarma bayan zana, ko zangarniya ɗaya ba a taɓa ba. Ashe hatsin gidanta Inna Kadidiya ta daka. Kafin ta buɗe baki, wani ya ce ɓarauniya, kalmar kuwa ta zagaye fili kafin ta gama wanke hannu.

Aka kawo ta gaban Alhaji Hashimu, shugaban kwamiti. Ina zaune da biro a hannu.

"Kadidiya, mi ya kai ki?" in ji shi.

"Alhaji, wanga ba hatsin sha ba ne, iri ne," ta ce. "Shekara da shekaru kuna zaɓen wanda ya hi kyau ku ba ni in kashe shi cikin turmi. Na yi shiru don na ga akwai saura. Bana ina saura? In mun sha wanga yau, mi Tebaram za ta shibka?"

"Don mi ba ki hwaɗi ba tun da sahe?"

"Da na hwaɗi, wa za shi saurari mai hura gaban manyan baƙi?"

Gaskiya ta faɗa. Amma an riga an ji kunya, kuma kunya kan nemi wanda za ta faɗa wa. Aka yanke a cire ta daga aikin biki. Ni na rubuta takardar, da wannan rubutun nawa mai kyau. Raina bai kwanta ba, amma na ce wa kaina ni baƙo ne, ina ruwana da al'adar mutane. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Arzika ya koma da daminsa cikin fushi. Da yake yana hannunsa, ya rataye shi, yunwar bazara ta cinye sauran hatsin gidan, damin kaɗai ya kai lokacin shuka. Damina ta sake yin gardama, gonarsa ta sake nuna, maƙwabta suka zo roƙon iri tafi-tafi. Yau ka bi hanyar Tebaram zuwa Takanamat, za a nuna maka gonakin da suka fito daga damin nan. Kwamiti ma ya sake tsari: damin da ya ci, a kwance shi a fili, kowane ƙauye ya ɗauki zangarniya. Bayan shekara biyu aka aika a kira Inna Kadidiya a asirce, don an rasa mai iya dama wa mutum ɗari uku. Ta zo, ta ɗauki taɓarya.

Inna, ke ce kika ga abin da mu masu takarda da masu rawani muka kasa gani. Ke ce kika ba da hatsin bakin 'ya'yanki a shekarar da tiya ɗaya ta fi ƙarfin mutane. An ɗauki shawararki, an ci amfaninta, amma a fili aka zage ki, kuma har yau ba wanda ya ɗauki lasifika ya wanke ki a filin.

Makon jiya na je gaishe ta. Na yi ta kewaye-kewaye, ta dube ni ta yi dariya, ta kira ni da sunan da ake kiran malamin makaranta a nan.

"Mushe, ka zo shan hura ko ka zo neman gahwara? Ƙwarya guda gare ni."

Na ce gafara. Sai dariyar ta tafi.

"Ni na yahe tun tuni. Amma ya yi mini zahi, ba ni ɓoye maka. Jikata Balkisa ta komo daga lakwal tana kuka, wai an ce da ita jikar mai musanyar dami. Ni na kusa tahiya, Mushe. Ita za ta zauna da sunan."

Na dawo gida na ɗauki biro.

Mun gode, Inna Kadidiya. Allah ya saka miki, ya huce kafaɗar nan. Ku kuma da ke bakin turmi ko bakin rijiya, in kun ga ana shirin cinye gobe don a burge baƙon yau, ku yi irin nata. Mu da ke zaune a kujera, mu riƙa tambayar mai daka kafin mu yanke.

Saura abu ɗaya, kuma na roƙi Alhaji Hashimu in karanta shi da bakina ranar buɗe bikin bana, ya yarda. Balkisa, ki zo ki tsaya a gaba, ki zo da 'yan ajinku. Kakarki ba ta saci dami ba. Ina wurin, na san gaskiya tun ran nan, na yi shiru. In akwai mai abin kunya a wannan magana, ni ne.