Zakaran da Na Kai Taba

Shekarar da aka tura ni koyarwa Kudan, babur ɗina ya mutu a hanyar Taba ana tsakiyar ruwan sama. Wani dattijo ya fito daga gonarsa, ya taya ni turawa har gidansa, ya ara mini busasshiyar riga, aka kawo kunu mai zafi, aka kira mai gyara. Na yi masa godiya a tsaitsaye, na kama hanya.

Ran Lahadi fasto ya karanta mana labarin kutare goma da Yesu ya warkar, amma ɗaya kaɗai ya dawo godiya. Sai na ga kamar ni yake kallo. Muna fitowa na ce wa matata ba za a lissafa ni cikin taran nan ba.

Na sayi jan zakara a kasuwar Makarfi, na ɗaure a bayan babur. A hanya ina ta tsara jawabi, har da inda zan ɗan dakata don maganar ta ratsa shi.

Gaisuwa ta cinye rabin jawabin. Da na samu sarari na miƙa zakaran, na ce, "Baba, ga wannan, ba yawa."

Ya ɗaga shi ya ji nauyi. "Malam, ai ruwa ne ya kawo ka, mu me muka yi?" Sai ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya: "A yanka wa baƙo!"

Haka na zauna a zaure na ci zakarana da tuwon masara. Ya ce haƙoransa sun tsufa, ya turo mini cinyoyin duka biyu. Na so in ƙi, amma hannuna ya riga ni. Da zan tafi aka ɗaura mini damin rake, kwandon tumatir da 'yar budurwar kaza.

Matata ta dubi babur, ta dube ni. "Godiya ka je, ko cin kasuwa?"

Da kaka na koma, na ce wannan karon ƙarfina zan bayar, a sa ni tsinkar barkono. Kafin azahar na karya masa rassa da yawa, na kuma shafa ido da hannu. Ya zaunar da ni a inuwar mangwaro ina hawaye, ya ce aikina korar awaki.

Awakin ma sun shiga gonar. Dattijon dai sai ya tambaye ni ko zan dawo baɗi.