Riƙe-Numfashi: Daga Hoton Ƙashi Zuwa Hoton Tsuntsaye

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiyar, wadda jama'a suka fi sani da laƙabin Riƙe-Numfashi, a shekarar 1949, a unguwar bayan tashar jirgin ƙasa ta garin da ta rayu a cikinsa har cikar wa'adinta. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa ɗinki take yi a gida, kuma ita ce ta uku cikin 'ya'yansu biyar. Ta shiga firamare a 1956, ta kammala sakandare a 1967, sannan ta sami gurbi a makarantar koyon aikin lafiya, inda ta zaɓi fannin ɗaukar hoton ƙashi, alhali ita kaɗai ce mace a ajin.

Aiki da Aure

A shekarar 1970 aka ɗauke ta aiki a babban asibitin garin, aka ba ta wani ɗaki marar taga a ƙarshen baranda, inda ta shafe shekara talatin da biyar sanye da rigar dalma mai nauyi wadda ke kare jiki daga hasken na'ura. A nan ta sami laƙabinta, domin duk majinyacin da ya tsaya a gabanta, babba ko yaro, umarni ɗaya take ba shi kafin ta danna maɓalli: ya riƙe numfashi.

A 1972 ta auri wani mai walda, suka tare a gida mai ɗaki uku da ɗan fili a baya, wanda babu komai a cikinsa sai rijiya da bishiya biyu. Allah ya ba su 'ya'ya shida, ɗaya ya rasu yana jariri a 1979. Ta yi ritaya a 2005.

Jinya da Farkon Hulɗa da Tsuntsaye

Wata goma sha ɗaya bayan ritayarta, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Hannunta na dama ya daina aiki, harshenta ya yi nauyi, likitoci suka shawarci iyalinta da su saba da ganinta a kwance. Ba ta amince da wannan hukunci ba. Ta sa aka riƙa fitar da kujerarta bakin ƙofar baya kowace safiya, kuma daga nan ta fara lura da wasu gwara da ke tsintar abin da ya zube a bakin rijiya. Ta umarci a ajiye musu farantin tsaba da kaskon ruwa, kafin wata uku kurciyoyi da kanari da marai sun mai da filin wurin kalacinsu.

A 2007 ta buƙaci a sayo mata kyamara, sai aka tarar maɓallin ɗaukar hoto a ɓangaren dama yake. Maigidanta ya ƙera mata mariƙi na ƙarfe mai ƙafa uku, ya ja waya daga maɓallin zuwa hannun kujerarta na hagu. Ranar da ya gama, ya ce mata: "Shekara talatin da biyar kina ɗaukar mutane ba nama a jikinsu, yanzu kuma masu fuka-fuki? Waɗannan dai ba za su riƙe miki numfashi ba." Ta ce: "In sun ƙi, ni sai in riƙe."

Hotunan shekarar farko kusan duk dishi-dishi suka fito, wasu jela kawai suka kama. Sai a 2008 ta sami hoto na farko mai kyau, na wani alhudahuda da ya buɗe tukkunsa a gefen kasko. Daga bisani ta sa aka shuka furanni a jikin katanga saboda malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma, mazari kuwa ruwan ne ya jawo shi. Ta koya wa hannunta na hagu rubutu domin ta riƙa sa kwanan wata a bayan kowane hoto. Zuwa 2011 ta tattara hotunan tsuntsaye iri arba'in da uku.

A wannan shekara maigidanta ya rasu. Babban ɗanta ya nemi ta koma gidansa na bene, ta ce masa: "Je ka fara tambayo baƙina ko za su hau bene tare da ni." Bai sake tayar da maganar ba.

Al'amarin Rijiya

A tsakiyar 2012 ta fara tsintar gawar tsuntsaye a gindin bishiya. Ta lura cewa kafin su mutu fikafikansu kan saki, wuyansu ya karkace, su kasa tsayuwa a reshe. Ta sauya tsaba, ta sauya kasko, mutuwar ba ta tsaya ba. Da ta daina ba su ruwan rijiya ta koma na famfo, sai al'amarin ya ragu. Zarginta ya faɗa kan wata masana'antar fasa tsofaffin batura don cire dalma da aka buɗe a ƙarshen layin shekara biyu kafin nan, wadda ke sakin ruwanta cikin kwatar unguwa.

Ta rubuta wa ofishin lafiya na gari takarda, ta haɗa da hotuna. Jami'in da ya karɓa ya shaida wa 'yarta da ta kai takardar cewa ofishinsu na mutane ne, ba na kurciyoyi ba. Maƙwabta ma, waɗanda da yawansu ke cin abinci a masana'antar, suka ce ciwon ne ya taɓa mata hankali, wasu suka daina gaishe ta. A cikin wata goma sha takwas ta aika takardu tara, ba a amsa ko ɗaya a rubuce ba.

A 2014 ta ji labarin jikar wata maƙwabciyarta, 'yar shekara huɗu, wadda ke fama da ciwon ciki da rama ba tare da an gano dalili ba. Ta san daga aikinta cewa dalma, idan ta taru a jikin yaro, takan bar farin layi a bakin ƙashi. Sau uku tana aike wa maƙwabciyar a kai yarinyar hoton ƙashi ana watsa mata ƙasa a ido, a na huɗu ta sa aka tura ta a keken guragu har ƙofar gidan, ta ce: "Yaya, ki ce ni mahaukaciya ce, ban damu ba, amma ki bari a ɗauki hoton gwiwar yarinyar nan." Aka ɗauka a tsohon ɗakin aikinta, layin ya fito fari tas.

Da wannan hujja asibiti ya tilasta aka auna ruwan rijiyoyin unguwar da jinin yaran. An sami dalma a rijiya goma sha huɗu, aka sa yara talatin da ɗaya a magani, biyu daga cikinsu ba su warke sarai ba. A 2015 hukuma ta rufe masana'antar, aka cike rijiyoyin, har da tata. Hotunanta masu kwanan wata ne suka tabbatar wa kwamitin bincike lokacin da gubar ta fara shiga ruwa. Wasu daga waɗanda suka rasa aikinsu ba su yafe mata ba har ta bar duniya, kuma ba ta taɓa musanta cewa suna da abin jin zafi ba.

Ƙarshen Rayuwa

Ta ci gaba da ciyarwa da ɗaukar hoto har 2020, lokacin da yanar ido ta hana ta tantance abin da ke gabanta. Ko a sannan ba ta daina fitowa ba, da kuka take gane wanda ya sauka. Adadin da ta tattara ya tsaya a iri sittin da bakwai.

Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata da hantsi, 8 ga Maris, 2022, bayan jinyar kwana shida, tana da shekara saba'in da uku. An yi jana'izarta a ranar, aka binne ta a maƙabartar gabashin gari, kusa da kabarin mijinta.

Ta bar jikoki goma sha tara da 'ya'ya biyar: babban ɗanta, injiniyan ruwa, mai bi masa, malamar makaranta, na uku, wanda ya gaji shagon walda, ta huɗu, ungozoma, sai autarta, mai sayar da magani, wadda tun tana ƙarama ko ɗan tsako ba ta iya taɓawa don tsoro. Ita ce ta koma gidan, kuma ita ce ke zuba tsaba da ruwa kowace safiya, da ludayi mai dogon hannu.