Mai Karɓar Jangali Shi Ke Bin Sawu

Shekara sittin da takwas ke nan bana da muka binne yayana Sale a ƙauyenmu na ƙasar Bungudu, kuma har yau in na tuna yadda ya tafi sai abinci ya fita raina. An ce haƙuri maganin zaman duniya. Na yi haƙurin, amma ban huce ba.

Yaya Sale tsohon soja ne, da shi aka je yaƙin Bama. 'Yan uwansa sojoji sun dawo da labarin daji da harsashi, shi kuwa labarin haraji ya ɗauko mana daga Indiya, inda suka ya da zango. Ya ce ya ga ganuwa a bisa duwatsu, kamar a ce an gina gari a kan dutsen Kwatarkwashi, aka ce masa ta wasu mutane ce, Maratawa. A farkon sarautarsu ƙasarsu ba ta iya ciyar da dawakinsu, sai su aika wa maƙwabta: ku ba mu kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kuke tarawa, mu ƙyale ku. Da wannan suka tara mayaƙa har suka zama daula. Mu mata mukan yi dariya mu ce ai wannan fashi ne da rawani. Sai ya ce haka ne, amma a yadda ya ji, wanda ya biya su ya shiga inuwarsu, wani ba ya taɓa shi. Ko gaskiya ne, ko Yaya ya ƙara gishiri, ban sani ba. Shi dai ya riƙe abin har zuci: in ka karɓa, ka tsare.

Yana da amini, Buba, Bafulatanin da shanunsa ke zuba mana taki da rani. Wata damina malamin jangali ya zo ya ƙirga garken Buba, ya karɓi nasa, ya sha nono har ya yi gyatsa. Bai ko bar garin ba ɓarayi suka kore shanun kakaf, suka nufi dajin Tsafe. Ni na kai abinci masaukin malamin, da kunnena na ji Yaya yana cewa, "Malam, jiya-jiya kunka amshi jangalin shanun ga. Ga sawu nan ɗanye. Ba mu 'yan doka mu bi."

Malam ya ce, "Ni ƙirga anka aiko ni, ba kiwo ba. Ku kai ƙara Gusau."

"To mi Buba ya saya da kuɗinai?"

Malam ya ci gaba da cin tuwonsa.

Kafin ƙara ta isa Gusau ruwa ya shafe sawu, kowa ya san haka. Yaya ya ɗauki bakansa, shi da Buba suka shiga daji. Sun ƙwato shanun. Amma a kan jaki aka kawo mana Yaya, kibiya mai dafi a cinyarsa, bai kai Juma'a ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikokina suna biyan harajin hukuma, sannan masu bindiga su aiko daga daji cewa ba mai yanke dawarsa sai ya kai musu rabonsu. Ka biya wannan, gobe wani ya zo ya ce shi bai ga komai ba. Ashe abin da muke yi wa dariya a bakin Yaya ma adalci ne! Kura ta ci, kare ya ci, mai akuya kuwa an ce ya kai ƙara. Ina jin da Yaya na raye da ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya sake tambayar nan tasa, kuma da an ce masa tsufa ne.

Bai bar ɗa ba, bai bar dukiya ba. Abin da ya bari tambayar ce, da garken da ya yi ta haihuwa a hannun zuriyar Buba. Allah Ya haskaka makwancinsa. Malamin nan kuwa da damina ta zagayo sai ga shi ya dawo. Ya tsaya a bakin rugar Buba ya ƙirga shanun ɗaya bayan ɗaya, ya ce madalla, ba wadda ta ɓace, ya karɓi jangalinsa cif.