Jarirai Goma Sha Tara da Suka Zube

Yayata ba ta tsoron kwamfuta mai ƙorafi. In ta watso mata jan rubutu har murna take yi, wai ai ta faɗi ciwonta. Shirun kwamfutar ne ke hana ta sakat.

Shekara tara tana aiki a wani ɗan ɗaki bayan asibitin yara, daga ita sai fanka mai ƙara da kujerar da aka ɗaure wa ƙafa da waya. Aikinta raba sunayen yara a kwamfuta rukuni-rukuni bisa watanninsu: sifili zuwa shida, shida zuwa sha biyu, haka dai. Da wannan jerin nas-nas ke bin gidaje suna duba yaran da aka sallama ba su da nauyin kirki.

Wata rana na kai mata abincin rana, na tarar tana nuna allon kwamfutar.

"Ƙanwata, zo ki karanta min, ko idona ne."

"Yara ɗari takwas da sha biyu suka shiga."

"Nawa suka fito?"

"Ɗari bakwai da casa'in da uku."

Ta duba ko wani ya sa harafi a gurbin lamba, babu. Ta duba iyakokin rukunonin, suna jere daidai. Sai ta fito da sunayen da suka zube, duk an rubuta musu wata sifili. Ashe sabon umarnin da ta rubuta wa kwamfutar daga abin da ya haura sifili yake fara ɗauka, shi sifilin a waje yake barinsa. Jarirai ne da ba su cika wata ba, kuma jerin ya yi mako uku da fita.

Gyaran bai ci minti ɗaya ba. Ta faɗa wa babbar nas da bakinta, sannan ta hau kiran iyaye. Sha takwas suka amsa, biyu daga ciki aka ce su kawo yaran yanzu-yanzu. Lamba ta ƙarshe a kashe.

Muka bi adireshin mai lambar. A ƙofar gidan ta ɗaga hannu sau biyu, ta kasa ƙwanƙwasawa.

"Yaya, bari ni in buga."

"Tsaya. Ki saurara."

Can ciki wani siririn kuka ya tashi. Yaya ta sulale ta zauna a dakali, ta rufe fuska, ita ma ta kama nata.