Motar da Ba a Yi wa Karama Ba

Shekarar da Habashawa masu gudun hijira suka cika sansanin Umm Rakuba, damina biyu bayan rasuwar maigidana, ana tsakiyar yankan dawa, autana ya dawo garinmu Gadarif daga aikin da ya je yi ƙetaren teku. Wata mota ya shigo da ita unguwa, launin hadari, cikinta na neman shafar ƙasa kamar ƙadangare ya lafe. Sabuwar ƙira ce, in ji shi, an sake mata fuska da inji, duk garin babu irinta. Ba ta da makulli. Yana matsowa kusa sai ta buɗe ido.

Ni na haifi tara, na yanki riɗi a gonakin Mafaza har yatsuna suka karkace, ban taɓa ganin abin hawa ya shigo gida ba a yi masa karama ba. Lori ne ko tarakta, a yanka rago, a raba nama, babba a gidan ya tsoma tafinsa a jinin ya manna a jikin ƙarfen. Haka muka tarar mutanen ƙasar nan suna yi, haka muka ɗauka. Mahaucin unguwa ya yanka ragon, maƙwabta sun taru. Na naɗe hannun riga, na tsoma hannu, na nufi goshin motar. Sai ji na yi an riƙe mini wuyan hannu.

"Inna, fentin! Wannan fa ba boksin Kawu ba ce."

Tsohuwar motar ɗaukar kaya ta ƙanena yake nufi. A gaban mutane fa, jinin na gangarowa gwiwar hannuna. Maƙwabcinmu, tsohon direban lori, ya so ya yayyafa wa zancen ruwa: "Ƙyale shi, Hajja, amarya ya kawo, ba ta son lalle." Aka yi dariya. Ni dai na durƙusa na goge hannuna a ƙasa.

Washegari da hantsi ya ce in zo ya kai ni shan iska. Na san lallashi ne, na shiga. Kujerar ta rungume ni, wani sanyi na fitowa daga bayanta. Muka hau kwalta. A lori, ƙashin bayanka ne ke gaya maka gudun da ake yi. Ƙarfe na kuka, iska na marin ka, tsoro na zaune kusa da kai yana gadin ka. Nan kuwa shiru, kamar ɗakin da aka fitar da gawa. Ya taɓa wani maɓalli, ta yi gurnani, bayana ya manne da kujera. Turakun lantarki suka koma haƙoran mataji.

"Rage, ɗan nan."

"Ai ba ta fara ba, Inna."

Sai ga raƙuma sun ɓullo daga cikin karan dawa. Kafin in buɗe baki motar ta yi ƙara, ta ci birki, ɗamarar kujera ta datse mini ƙirji. Muka tsaya har ina ganin ƙudaje a idon raƙumi. Makiyayin na ta zagi da Larabci, autana kuwa dariya yake.

"Kin gani? Ban ma taka ba. Ita ke ganin hanya, ita ke tsayawa."

Dariyar nan ta fi raƙumin tsorata ni. Na sauka, na koma gida a keken jaki, ban ƙara shiga ba.

Da yaƙi ya ɓarke, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, matarsa ta maƙale wajen iyayenta can yamma, bayan kogi. Ya ce zai je ya ɗauko ta. Kowa ya san abin da masu bindiga ke fara kallo a hanya. Ƙanena ya miƙo masa makullin boksi. Tsohon direban ya ce, "Yaro, a wannan zamani tsatsa ita ce laya."

"Baba, boksi kwana biyu za ta yi. Wannan kafin la'asar na je na dawo. Me zai kamo ta?"

Ya shiga motarsa, na riƙe ƙofar ina cewa Allah ya tsare, Allah ya kai lafiya. Ƙofar ta janye daga hannuna a hankali, ta rufe kanta.

Matar ta iso bayan wata biyu a kan lorin gawayi, ta ce bai je ba. Wani ɗan kasuwar hatsi ya rantse ya ga mota irinta a hanya, wasu ne a ciki. Shi kuwa mutum ne mai ƙara wa miya gishiri, ban kama maganarsa ba, ban kuma iya sakinta ba.

Cikin mutanen wancan lokaci, ƙanena ya rasu bara, mahaucin unguwa ya bi shi. Tsohon direban na nan, idonsa ne ya tafi. Matar na nan a ɗakin da ke kallon nawa. Ni ma ga ni. Autana kuwa, duk wanda ya lissafa shi cikin matattu, ba a gidana zai sha shayi ba.